Guguwar Farkon Damina: Kafin Kwanon Musawa Ya Sake Tashi

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar Musawa ya san yadda abin yake farawa. Ana tsakiyar zafin watan Mayu, ganye ko motsi ba ya yi, dattawa na gindin dalbejiya suna fifita da gefen riga. Can bayan la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, gindin baƙin kuma ya yi jajir saboda ƙurar da iska ta kwaso. Mata su hau kwashe shanya, a kora awaki turke, yara su ruga gida. Kafin a gama rufe tagogi iskar ta iso. Minti goma take yi ko ashirin, wani lokaci ko ruwan kirki ba ya biyo bayanta. Idan ta lafa aka fito, sai a tarar da kwanon wani a gonar wani, turken lantarki kwance a kan hanya, ajin makarantar firamare kuma a buɗe, rafta a tsaye tsirara.

Washegari sai jaje. "Allah ya mayar da alheri." "Allah ya kiyaye gaba." Shugaban ƙaramar hukuma ya zo ya duba, a rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, a aika wa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha a Katsina. Bayan makonni, idan an yi dace, mota ta zo da bandir na kwano, buhunan siminti, ƙusa da shinkafa. Wanda ya samu ya yi godiya, ya kira kafintan da ya yi masa rufin farko, shi kuma ya sake buga kwanon daidai yadda ya buga wancan. Haka ake yi a Musawa, haka ake yi a Matazu da Malumfashi da Ƙafur da Bakori da Funtuwa, shekara da shekaru.

Agajin yana da amfani, kuma wanda ya kwana da iyalinsa a ɗakin da ba rufi ya fi kowa sanin haka. Amma wannan iskar ba baƙuwa ba ce. An san watannin da take zuwa, an san inda take fitowa, an san irin ginin da take ci da irin wanda take bari. Masifar da ake da jadawalinta a hannu bai kamata a riƙa tarbar ta kowace shekara da mamaki ba.

Masana yanayi sun daɗe da gane halin wannan hadari. Ba a kan Musawa yake haɗuwa ba. Galibi daga wurare masu tsauni yake tasowa: tsaunukan Jos, duwatsun Mandara na kan iyakar Kamaru, tsaunukan Azbin na Nijar, wani lokaci ma tun daga Darfur. Rana ta gasa duwatsu, iska mai ɗumi ta hau sama ɗauke da laima, gizagizai su jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita. A can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a lokacin damina, ita ke kora layin gizagizan zuwa yamma. Dalilin da ya sa ke nan Bahaushe ke duban gabas idan yana neman hadari.

Abin da ya sa na farkon damina ya fi ɓarna shi ne bushewar iskar da ke ƙarƙashin gizagizan. A watan Afrilu da Mayu da farkon Yuni ƙasa ba ta jiƙa ba tukuna. Ruwan da ya sauko daga sama sai ya ƙafe tun bai taɓa ƙasa ba, ƙafewar ta sanyaya iskar da ke kewaye da shi, iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta. Sai ta rikito ƙasa da ƙarfi, ta bazu gaba tana share ƙura da yayi da duk abin da ba a ɗaure ba. Ita ce sanyin nan da mutum ke ji a fuska kafin ɗigon farko. A hadari mai tsanani gudunta kan kai kilomita 100 a awa ɗaya. Kuma lissafin ƙarfin iska ba a kan layi ɗaya yake tafiya ba: idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take sa wa bango ko rufi sau huɗu yake ninkawa.

Tsofaffi da ke cewa hadarin yanzu ya fi na da zafi ba su yi kuskure ba. A shekarar 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da Christopher Taylor na Birtaniya da abokan aikinsa suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35. Sun gano cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta abin da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi, wanda ke faɗaɗa bambancin zafi tsakaninta da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin kuma yana ƙara wa hadari ƙarfi. Wanda zai gina ɗaki yau a kudancin Katsina yana gina shi ne don iskar da ta fi wadda kakansa ya sani.

An ga misali a Bauchi ranar 16 ga Yunin 2018, ana cikin bukukuwan Ƙaramar Salla. Iska ta afka wa garin da yamma, ta kashe mutane, ta lalata gidaje fiye da dubu, ta kayar da turakun lantarki da itatuwa, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya je jaje da kansa. Wata guda bayan haka ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Jibiya cikin dare, fiye da mutum 40 suka rasu. Waɗannan su ne suka shiga kanun labarai. Na ƙauyuka, gida hamsin a nan, aji shida a can, sai dai a ji su a bakin waɗanda suka dawo daga kasuwa.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda rufi ke tashi, domin a nan gyaran yake. Mutane da yawa suna zaton iska danne rufi take yi. Ɗaga shi take yi. Idan ta bugi bango ta haura ta kan kwano da gudu, sai ta riƙa tsotsar sa daga sama. Idan kuma ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da iskar ke zuwa, sai ta cika ɗakin ta riƙa tura rufin daga ciki. Tsotso daga sama, turi daga ƙasa. Inda abin ya fi tsanani shi ne kusurwoyi da bakin kwanon da ya zarce bango. Falle ɗaya ya ɗaga a kusurwa, iska ta sami ƙofa, sauran su bi shi.

Abin da ke riƙe rufi a irin wannan lokaci jerin haɗe-haɗe ne. Ƙusa ta riƙe kwano a jikin tu-bai-tu, tu-bai-tu a jikin rafta, rafta a jikin katakon da ke kwance a kan bango, shi kuma wannan katakon a jikin ginin kansa. A shiga gidaje goma da iska ta yaye a duba, za a ga a mafi yawansu haɗin ƙarshe ne babu. An jera bulo har sama, an kwantar da katako, an buga masa ƙusa biyu a cikin simintin da yashi ya fi yawa, shi ke nan. Rufin yana zaune ne kamar hular da aka ɗora a ka ba a danna ba. Shi ya sa ake ganin rufi ya tashi ɗungurungum da raftarsa ya sauka a bayan gari.

Maganin wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma kafintocin Funtuwa da Malumfashi sun san shi sarai. Langa-langa, irin wadda aka saba ɗaure dilar auduga da ita, ko siririn rodi, a dasa shi tun daga linta ko a zagayo da shi ƙarƙashin layin bulo uku ko huɗu, a fito da shi a naɗe katakon da rafta. A yi haka a kowace rafta, ko aƙalla a tsallake ɗaya a ɗaure ɗaya. A yi amfani da ƙusar kwano mai hula, a ƙara yawanta a gefuna da kusurwoyi, a lanƙwasa bakinta ta ƙasa. A rage tsawon kwanon da ke leƙowa waje. Kuɗin wannan aiki duka a ɗaki ɗaya bai kai na bandir ɗaya na kwano mai falle 20 ba. Abin da ke hana yin sa sanannen ciniki ne. Mai gida ya riga ya ƙarar da kuɗin masararsa a bulo da siminti, ya zo wajen rufi aljihu ya yi sanyi, sai ya ce, "Malam, a rage mini, a yi dai yadda zai shigu." Kafinta kuma ba ya son aikin ya tafi hannun wani. Sai a sayi kwano mafi siranta, wanda ƙusa ke yagawa da yatsa, a sayi ɗanyen katako, a tsallake ɗauri.

Daga baya mai gidan zai hau ya jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwanon. Suna ɗan taimakawa a ƙaramar iska. A babba kuwa dutsen da ke kan rufi shi ne ke faɗowa kan yaro.

Magina na da sun fi sanin iskar ƙasarsu. Soron Hausa, da azarar giginya da rufin ƙasa, nauyinsa kaɗai ya ishe shi. Rawanin da ake zagaye saman ginin da shi yana karya iska, indararo yana fitar da ruwa, kowace bazara kuma ana hawa a yi yaɓe kafin ruwan farko. Wannan hawan na shekara-shekara shi ne aka rasa da zuwan kwano, domin an ɗauka kwano ba ya son kulawa. Ba a ce kowa ya koma soro ba, azara ta yi wuya, aikin yaɓe kuma ya fi ƙarfin mutane da yawa. Amma hikimar rawani tana nan. Gidajen da aka ɓoye kwanonsu a cikin rawanin bulo, iska ba ta samun bakin da za ta kama, kuma a unguwa ɗaya za a ga sun tsira inda maƙwabtansu suka tashi. Yayin da ake yi yanzu na dogon rufi mai tsini da faffaɗan baki, wanda aka kwaso daga manyan birane, yana buƙatar katako da ɗauri fiye da na da, ba ƙasa da shi ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gine-ginen gwamnati. Talaka da ya tsallake langa-langa yana da uzurin rashi. Ɗan kwangilar da aka biya ya gina ajujuwa ba shi da shi. Ajin makaranta dogo ne, barandarsa a buɗe, tagoginsa sau da yawa babu marfi, kuma a fili yake tsaye a gefen gari. Duk abin da iska ke nema yana nan. Idan rufinsa ya tashi a watan Mayu, yara sun rasa zangon karatu na uku, saboda ba a karatu a gindin bishiya cikin damina. Bangon ya sha ruwa wata huɗu, kujeru su ruɓe, gyaran da zai ci kuɗin kwano ya koma sabuwar kwangila. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Abin da ake nema daga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa bai kai girman wannan kundi ba: kada a biya kuɗin rufin aji ko asibiti sai injiniya ya hau ya ga ɗauri da idonsa kafin a rufe silin, kuma shugaban makaranta da kwamitin iyaye su sa hannu cewa sun gani.

Sai kuma maganar itatuwa, wadda ta fi ta rufi daɗewa kafin a ga amfaninta, ta kuma fi ta girma.

Gonar kudancin Katsina a da ba fili ba ce fetal. Ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, gawo da marke suna warwatse a cikinta, kowace da mai ita da amfaninta. Iskar da ta taso daga gabas sai ta ratsa dubban rassa kafin ta kai gari. A 1975 aka fara aikin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Ya kawo taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, ya mai da yankin rumbun masara, kuma ba wanda zai raina wannan alheri. Amma garmar shanu da tarakta ba sa son kututture, yawan jama'a ya ƙaru, gonaki suka haɗe, saura ta ɓace. Sannan ga itacen girki da gawayi. Duk lokacin da kuɗin gas ya tashi, gatari ne ke amsawa. Matsalar tsaro ma ta sa hannu: da dajin Rugu da sauran dazuzzukan yamma suka zama wuraren da ba a shiga, masu neman itace sun juyo kan bishiyoyin da ke gonakin kusa da gari. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, amma don tsaro aka yi dokar. Ɗorawar da ke gabashin ƙauye har yau ba ta da mai kare ta sai tausayin mai gonar.

Layin bishiyoyi yana rage ƙarfin iska a bayansa har tazarar da ta kai ninki goma na tsayinsa, ko fiye. Bishiyar mita 10 tana ba da kariya ga mita 100. Hausawan Nijar sun gwada wannan sun gani. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, an fara dasa layukan dalbejiya a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE, layi bibbiyu, tazarar mita 100 tsakaninsu, har suka kai tsawon ɗaruruwan kilomita. Binciken da aka yi a can ya nuna geron da ke tsakanin layukan ya fi na fili yawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ko da an cire filin da bishiyoyin suka ci. Daga baya manoman suka riƙa samun itace da sandunan gini daga saran rassa.

Na Maraɗi ya fi wannan sauƙi. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturen bishiyoyi ne masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Sai aka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran. Ba gandun renon itace, ba ban ruwa, ba shinge. Manomi ya koya wa manomi. Yau ana ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da bishiyoyi kusan miliyan 200. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar 'yan awanni ce, harshe ɗaya, gero ɗaya, kuma ruwan saman Musawa ya fi nasu yawa nesa ba kusa ba. Jihar Katsina ta taɓa yin babban aikin dashe da tallafin ƙungiyar ƙasashen Turai a ƙarshen shekarun 1980, tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa wa hukuma a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700. Hankalin irin waɗannan shirye-shirye ya fi karkata ga arewa, inda ake ganin rairayi da ido. Kudu ma tana da haƙƙi, domin ita ke ciyar da jihar.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Bishiya ma tana kisa. Tsohuwar dalbejiya mai rami a ciki da ke jingine da ɗakin kwana, ko dogon turare da aka dasa a jikin katanga, haɗari ne a daren hadari. Wurin bishiyar kariya shi ne gabashin gari ko gabashin makaranta, nesa da gini fiye da tsayinta. Ta cikin gida kuma a rage mata rassa tun watan Maris.

A Turai, mutanen tsaunukan Alps suna zaune da masifar da ta fi wannan. Tasu iskar tana zuwa da dusar ƙanƙara, ta rufe ido, ta tara dusar a gefen dutse har ta zaftaro kan gari. Ranar 23 ga Fabrairun 1999, bayan makonni ana guguwar dusa, zaftarewa ta afka wa ƙauyen Galtür na Ostiriya ta kashe mutum 31. Ranar 26 ga Disamba na shekarar, guguwar da aka sa wa suna Lothar ta ratsa Faransa da Jamus da Suwizalan, mutum fiye da 100 suka mutu. Kuɗi da ilimi ba su hana iska zuwa ba. Abin lura shi ne yadda suka ɗauki bishiya. A garin Andermatt na Suwizalan akwai wani ɗan daji a gefen dutsen da ke saman gari. Tun shekarar 1397 mutanen garin suka rubuta dokar hana saran sa, saboda shi ke tare musu dusar ƙanƙara, kuma yana nan tsaye har yau. Talakawa makiyaya ne suka yi wannan doka, fiye da shekaru 600 da suka wuce, ba tare da wani banki ya ba su rance ba. Hakimi da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Musawa suna da irin wannan iko a kan kurmin da ya rage a gabashin kowane ƙauye.

Mutanen Alps sun kuma koyi wani darasi da tsada. A ƙarshen Oktoban 2018 guguwar Vaia ta bugi tsaunukan arewacin Italiya da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa a wasu wurare, ta kwantar da miliyoyin bishiyoyi cikin dare ɗaya. Dazuzzukan da suka fi faɗuwa su ne masu iri ɗaya da shekaru ɗaya. Wanda zai yi shingen iska a nan ya gauraya: dalbejiya, gawo, marke, mangwaro, da gajeru irin sabara da kalgo a ƙasa don toshe gindi.

Abu na uku da suke da shi shi ne gargaɗi. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Suwizalan tana fitar da sanarwa sau biyu a rana duk lokacin sanyi, da matakan haɗari daga 1 zuwa 5, kuma ɗan makaranta ma ya san ma'anar mataki na 4. A nan ma akwai abin farawa da shi. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassararsa a Hausa, tana kuma ba da hasashen kwana uku-uku. Matsalar ita ce saƙon yana tsayawa a shafukan intanet da jaridun Turanci. Layin hadari yana tafiya yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa. Daga Kano zuwa Musawa a miƙe bai kai kilomita 100 ba. Ke nan iskar da ta yaye kwano a Kano tana da kusan awa biyu kafin ta iso, kuma sai ta bi ta Gwarzo. Awa biyu ta isa a sallami 'yan makarantar allo da na Islamiyya, a tashi daga rumfunan kasuwa, a kwance dabbobi daga gindin tsohuwar bishiya, a rufe ƙofofi da tagogi gam, mai babur ya nemi wurin tsayawa. Gidan Rediyon Jihar Katsina na iya katse shiri ya faɗa. Jami'in agaji na ƙaramar hukuma na iya tura saƙon murya a WhatsApp zuwa ga masu unguwanni, su kuma lasifikar masallaci na hannunsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta burin kowane ɗan'adam ya kasance ƙarƙashin irin wannan gargaɗi kafin ƙarshen 2027. A ƙasar Musawa abin da ake bukata shi ne wanda za a ɗora wa nauyin ɗaga waya.

Manomi ma yana da nasa rabon na wannan iska. A farkon damina rairayin da take kwasowa yana yanke ganyen sabuwar shuka ko ya binne ta, a dawo a sake shuka da irin da aka saya da tsada. A watan Agusta da Satumba kuma, masara ta yi goyo ta yi nauyi, hadari ɗaya ya kwantar da gona guda. Masarar da ta sha yuriya ita kaɗai, aka kuma cunkushe ta, aka makara wajen huɗa, ita ce ke fara faɗuwa, saboda ta yi tsawo karanta bai yi ƙwari ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin masara iri-iri, kuma jurewa kwanciya na cikin abubuwan da ake dubawa kafin a saki iri. Malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, KTARDA, su ne ya kamata su kai wannan bayani bakin gona, idan an ba su babur da mai.

Akwai masu cewa iska rundunar Allah ce, ba a yi mata shiri. Rabin farko gaskiya ne, kuma kiran salla da salatin da ke tashi daga gidaje idan ta tsananta shaida ne na imanin mutane. Rabi na biyu kuwa malamai ba su koyar da shi ba. Kowane ɗalibi ya san hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Limaman Juma'a za su yi wa jama'a babban taimako idan suka ware huɗuba ɗaya a watan Maris don amanar da ke wuyan magini da kafinta da ɗan kwangila, da alhakin wanda ya sare bishiyar da ke kare unguwa don buhun gawayi.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da shugabannin ƙananan hukumomin Musawa da Matazu da Malumfashi da Funtuwa su ware wani kaso na kuɗin agaji don rigakafi: a tara kafintoci a kowace gunduma a yi musu bita ta kwana biyu, a sa langa-langa da ƙusa mai hula cikin duk kayan agajin da za a raba, a binciki rufin kowace makarantar firamare kafin watan Afrilu. Mai gida kuma kada ya jira su. Da zarar an gama sayar da amfanin gona, ya sa tsani ya hau da kafinta, su duba kusurwoyi huɗu, su sake ƙusar da ta saki, su ɗaure raftar da ba a ɗaure ba tun gabas ba ta fara baƙi ba.